Gawa Ba Buhun Taki Ba Ce

Juma'a, 13 ga Afrilu, 2018

Nicodemus direba ya shigo ofishina da rana, ido jajur. Addarsa Keturah, yayar da ta raine shi, ta rasu jiya a asibiti. Yana son Hilux ɗin kamfani ya kai ta ƙauyensu bayan Ganye gobe. Na tura shi wurin manaja, Oga Albert, na bi bayansa da fayil. Ina tsaye ya dafa masa kafaɗa, ya ce, "Je ka, je ka, Allah ya ba da haƙuri."

Sai ya dawo mini neman takardar fita. A fom ɗinmu babu gurbin jana'iza. Ni na rubuta dokar da hannuna shekara shida da suka wuce: motar kamfani ba ta hidimar gidan kowa. Ya ce wanda ya riga ni kujerar nan "kai kaya Ganye" yake rubutawa, kowa ya huta. Na ce ni Fibi ba na rubuta gawa a matsayin buhun taki. Baki ya ba ka izini, baki ya raka ka.

Ya tafi haka nan. Zafi yau kamar a tanda.

Asabar, 14 ga Afrilu

Matarsa Virtue ta kira ni wajen sha ɗaya, tana kuka. 'Yan sanda sun tare su a shinge bayan Ngurore. Akwati ƙarƙashin tamfol, babu takardar fita, takardun mota kuma kwafi ne. Na asalin suna kulle a durowata, wannan ma dokata ce. Suka buga lambar da ke jikin ƙofar motar. Albert ya ɗauka, ya ce bai san mota ta fita ba.

Bai sani ba! Ni da ke tsaye ashe bango ce.

Gawa ta zauna gindin bishiya har ƙarfe uku, cikin wannan rana, kafin dangi su samo wata mota. Takardar asibiti ce ta sa aka bar su suka wuce da ita. Nicodemus da Hilux an juyo da su caji ofis a Jimeta.

Lahadi, 15 ga Afrilu

An binne ta yau. Nicodemus ba ya wurin.

Litinin, 16 ga Afrilu

Na shiga wurin Albert ban ƙwanƙwasa ba. Wai inshorar motar ta kaya ce, idan hedkwata ta ji ya ba da ita ɗaukar gawa, shi zai amsa. Ya miƙo mini wasiƙa in sa hannu cewa mota ta fita ba izini. Wai daga baya zai janye ƙara, a sallami Nicodemus a hankali, ba kotu. "Madam Fibi, dokar nan fa ke kika rubuta." Yana faɗa yana ɓare gyaɗa.

Na ce zan karanta. Kuskuren rubutu uku a layi biyar. Ko ƙaryar ma bai iya tsara ta ba.

Talata, 17 ga Afrilu

Virtue ta same ni gida a unguwar Bekaji da yamma, ko ruwan da na kawo ba ta taɓa ba. So take in cike takardar fita in sa kwanan Juma'a. Na ce wannan jabu ne, idan aka gano ni da mijinta za mu zauna a gidan yari. Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Mama, gaskiyarki ta ci tuwo yau? Mijina bai ci ba."

Na ɗauke kofin ruwan na mayar kicin. Ni da ba a taɓa rufe wa baki a taro ba. Na gaji. Kowa yana son hannuna a kan takardar da ba haka aka yi ba.

Laraba, 18 ga Afrilu

Na zazzage akwatin littattafai, na fito da tsoffin darussan diflomata ta shari'a, gara ta ci gefensu. Abin da na sani ne dama: izinin baki izini ne, muddin akwai shaida. Wanda mai mota ya ce wa je ka bai yi sata ba. Karya dokar ofis daban, laifi a gaban alƙali daban.

Shaida ɗaya ce, ita ce ke riƙe da wannan biro.

Shekarata hamsin da ɗaya. Wa zai ɗauke ni aiki a Yola idan Albert ya kore ni? Na rufe littafin, na sake buɗewa, kamar rubutun zai canza.

Alhamis, 19 ga Afrilu

Na hau keke napep zuwa caji ofis da takardun asali a jaka. Mai binciken, Sufeto Jalo, mutum ne mai sanyin magana. Na rubuta bayani shafi biyu: ranar, lokacin, kalmomin Albert, har dafa kafaɗar. Na rubuta kuma cewa Nicodemus ya nemi takarda, ni na hana. Sufeto ya karanta, ya cire tabarau. "Madam, mu abin da muka gani a hanya shi muka bi. Da kin zo ran Asabar, da ya yi wa 'yar'uwarsa rakiya."

Ran Asabar ina gida ina zagin Albert a raina, ina jiran Litinin, don ba ranar aiki ba ce.

An saki Nicodemus da la'asar. Rigar jana'izar ce har yanzu a jikinsa.

Litinin, 23 ga Afrilu

Hedkwata ta aiko wa Albert takardar tuhuma, ta aiko mini tawa. Shi ya daina amsa gaisuwata, an kuma ɗauke fankar ofishina wai gyara. Ba a kori kowa ba tukuna.

Nicodemus ya dawo aiki. Ya leƙo, ya ce, "Madam, ina kwana, yaya gajiya?" kamar kullum. Da ma ya zage ni.

Asabar, 28 ga Afrilu

Akwai taki buhu ashirin da za a kai Jada. A takardar fita na rubuta haka, sannan a ƙasa, inda babu gurbi, na ja layi da rula: "Daga nan zuwa Ganye, ziyarar kabarin Keturah." Na sa hannuna. Albert ya kai ni ƙara in yana so.

Na shiga gaba na zauna. Nicodemus ya tsaya da makulli a hannu. Na ce takardun asali ne ba na yarda su bar hannuna, ya ja mu tafi.

A shingen Ngurore ɗan sanda ya karanta layin, ya miƙo, ya ce Allah ya ji ƙanta.

Kabarin jar ƙasa ne, gindin ɗorawa. Ya daɗe a durƙushe. Ni na tsaya can nesa da jakata, ba abin da ya kai ni.

A dawowa mun biyo ta gidansu wurin Virtue. Ta kawo kunu. Na sha.