Na Kai 'Ya'yana Bakin Teku a Wudil

Anti Baiwa, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma da wuri, domin saura kwana goma sha biyu a koma makaranta, ranar kuwa asirina zai tonu a gaban 'yan aji uku na firamare. Ki yi haƙuri da rubutuna. A aji biyu na ƙaramar sakandare muka rabu da boko, kuma babu wanda ya yi kukan rabuwa a cikinmu. Ki sakaya sunana, na iyali kuma na ɗan sauya su.

Ni mutumin Gafasa ne ta ƙasar Ajingi. Da damina noma, da rani facin taya a Gaya. Matata Adawiyya, 'ya'yanmu uku: Khaula mai shekara bakwai, Abdulmuttalib mai biyar, sai auta Ummukulthum wadda har yanzu duk abin da ta tsinta baki take kaiwa.

Ga inda abin ya samo asali. Ina saurayi na taɓa zuwa Legas. Sati uku na yi a Agege ina tura kurar ruwa, zazzaɓi ya kayar da ni, aka ɗora ni a motar shanu da za ta dawo Arewa ba kaya. Ruwan da na gani a Legas kaf shi ne na cikin jarkokina, sai kuma na kwata. To da na dawo aka taru a majalisa ana tambayata yaya teku yake, sai na ji nauyin in ce ban gan shi ba. Na girgiza kai kawai na ce ai ba a magana. Daga nan labari ya kama girma da kansa. A shekara goma sha biyar ɗin nan na yi iyo a teku, na yi nutso, har na taɓa riƙe jelar wani kifi mai girman a-daidaita-sahu. Kowa a garinmu ya san ni da barkwanci, manya suna ji suna ragewa. Khaula ce kaɗai ba ta rage komai.

Wata rana ta ga bidiyo a wayar kawunta, yara suna gudu a kan yashi ruwa yana bin su. Ta zo ta ce in kai su. Ni kuma a gaban mahaifiyata, Inna Hure, na buɗe baki na ce in ta zo ta ɗaya a ajinsu, dogon hutu a bakin teku za mu yi shi. Na faɗa hankalina kwance, don na ɗauka ƙwaƙwalwata ta gado. Ashe ta uwarta ta ɗauko. Ta zo ta ɗaya.

Anti, kin san lokacin da dogon hutu ke faɗowa. Tsakiyar damina, gero yana jiran maimai, ciyawa tana fitowa kamar ana biyanta. Legas kuma kwana biyu ce a mota da ƙananan yara, ban da sauran abin da aljihu ya sani. Abin da ya kamata in faɗa wa yarinya ke nan. Sai na ji bakina ya ce ku shirya.

Mu a nan ba a doguwar tafiya sai an bi gida-gida an yi sallama, kuma ba a dawowa hannu biyu. Kafin ma in fara zagayen, Khaula ta gama shi. Inna ta kira ni ta ce ta ji ruwan teku yana maganin ciwon gwiwa, ta miƙo mini gorar roba. Kafin la'asar goruna goma sha huɗu ne a zaurenmu, kowace da zare ko tsumma a wuya don a gane mai ita. Wani na ƙaiƙayi yake so, wani zai yayyafa a shago don ciniki, wata kuma ta ce ita dai a kawo, za ta nemo masa amfani daga baya.

Ina da aboki, Abdulmumin, yana soya kifi kusa da gadar Wudil, gidansa ba nisa da kogi. Na kira shi ya ce mu zo. Da na warware wa Adawiyya shirina, ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi. Ta ce ita ba za ta yi ƙarya ba, ba kuma za ta tona ni ba, kwana huɗu ba tuƙin tuwo ai hutu ne ko ma yaya sunan ruwan.

Da sassafe muka hau mota. Allah ya taimake ni yaran suka yi barci tun kafin mu kai Gaya. Da suka farka a Wudil na ce musu sun yi asara, mun wuce Kaduna da Ibadan suna ta minshari. Daga nan tambayoyi suka fara. Me ya sa kowa a Legas Hausa yake yi? Na ce unguwar Hausawa muka sauka. Me ya sa ruwan ya yi kalar kunu, na bidiyo kuwa shuɗi ne? Na ce damina ce, da rani yake yin shuɗi. Kwale-kwalen masu haƙo yashi na ce jiragen ruwa ne ƙanana, manyan sun tafi dakon kaya. Sai ta nuna tsallake ta ce wancan garin fa? Allah ya yafe mini, na ce Jidda ce. Ta ɗaga ƙaninta sama suka yi ta ɗaga wa Jidda hannu, wani mai wanke babur a can ya ɗago musu.

Amma in faɗa miki gaskiya guda, tunda yau ranar gaskiya ce: ban taɓa ganin 'ya'yana cikin murna irin ta kwana huɗun nan ba. Sun gina gidajen yashi, sun ci kifi har sun ture, sun cika gwangwanin madara da katantanwa. Ban bar kowa ya shiga ruwa ya wuce idon sawu ba. Khaula ta roƙe ni in nuna musu nutson da nake yi, na ce likita ya hana ni. Ni da ko a kududdufin bayan gari ban taɓa sakin ƙafa ba.

Ranar dawowa na zaga bayan gidan Abdulmumin da gorunan mutane. Na ɗebo ruwan kogi, na sa alif ya kwanta, na tace da ɗankwalin Adawiyya, na zuba gishiri. Ban san iya gishirin teku ba, don haka na yi ta zubawa ina ɗanɗanawa har sai da fuskata ta murɗe.

Mun dawo, an yi mana sannu da zuwa kamar alhazai. Inna ta shafa sati guda, ta ce gwiwa ta yi sauƙi, har ta taka zuwa gidan suna da ƙafarta. Akwai maƙwabcina Ɗantani, wanda kullum yake cewa shekara tara ya yi a Legas. Shi na fi tsoro. A majalisa ya karɓi gora, ya ɗiga a harshe, ya lumshe ido, ya ce wannan na asali ne, daga wajen zurfi aka ɗebo shi. Na dube shi, ya dube ni. Tun ranar muke gaisawa da hannu biyu. Yanzu har daga garin Balan ake aiko yara da 'yan kwalabe a sam musu, kuma na ji wasu ba shafawa suke ba, sha suke. A gida kuwa da na ɗaga murya, sai Adawiyya ta tambaye ni a hankali ko gishirin miya ya ji, in koma in zauna.

Duk wannan da sauƙi. Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Hauwa'u, 'yar yayana mai shekara goma sha ɗaya, ta taɓa zuwa Wudil. Da ta ji Khaula tana kwatanta gadar da masu kifi, ta ce ai Wudil ce wannan. Suka kama dambe. Khaula ta shigo hijabi a yage, ba ta yi kuka ba sai da ta gan ni. Ta ce: "Baba, taso ka gaya mata. Na ce mata kai ba ka ƙarya." Na ce mata gobe. Yau kwana biyar ana goben nan.

Ƙari a kan haka, malamarsu, Malama Halima Sadiya, ta ji labari ta ce ranar da aka koma Khaula za ta tsaya gaban aji ta ba da labarin teku. Malamar nan a Legas ta yi hidimar ƙasa, tana da hotonta ƙafa cikin tekun gaske. Kullum yarinya tana tsakar gida da gwangwanin katantanwa tana bita, har da Jidda a ciki.

Na yi tunanin in je wurin Malama a ɓoye in roƙe ta ta riƙa gyaɗa kai kawai. Na yi tunanin in toshe bakin Hauwa'u da awara har ta yi aure. Har sauya wa Khaula makaranta ya zo mini a rai. Dariyar gari ba ta dame ni ba, na saba, da ita nake karyawa. Fuskar yarinyar nan nake tsoro. Yaya zan yi?

Naki, Mai Iyo a Tudu, Gafasa.

*

Wa alaikumus salam, Malam Mai Iyo a Tudu.

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, musamman wajen Jidda. Amma da na zo kan hijabin da ya yage sai dariyar ta tsaya, kuma na lura kai ma a nan taka ta tsaya.

Bari in fara ba ka haƙƙinka. Ka bar gona a tsakiyar damina ka fita da iyalinka kwana huɗu, ka zauna a yashi da yara, ka tsare su daga ruwa. Iyaye da yawa masu hali ba su taɓa yi ba. Murnar da suka yi ta gaske ce, babu mai ƙwace musu ita. Laifinka shi ne ka saka wa abin kirki sunan ƙarya, sannan ka bar yarinya 'yar shekara bakwai tana kare sunan da hannunta.

Ka ajiye dabarunka duka. In ka roƙi Malama, ka jawo ta cikin abin da ba nata ba, kuma a ajin nan ba za a rasa wani yaron da ya san gadar Wudil ba. Hauwa'u gaskiya ta faɗa aka yi dambe da ita, haƙuri ya kamata a ba ta. Khaula za ta sani ko ba jima. Abin da ya rage a hannunka shi ne daga bakin wa za ta ji, kuma a gaban wa.

Saboda haka ka gaya mata a cikin makon nan, don ta sami kwanakin hucewa kafin a koma. Ku zauna ku biyu, mahaifiyarta tana kusa. Ka faɗa a miƙe: Wudil kuka je, kogi ne, kai ma ba ka taɓa ganin teku ba, kunya ce ta sa ka fara, kuma ba ita ta yi wauta ba da ta yarda da mahaifinta. Wannan na ƙarshen ka maimaita shi. Bayan nan ka je wurin Malama da kanka ka yi mata bayani. In Khaula ta amince, ta ba da labarin kogin Wudil, da masu haƙo yashi, da katantanwarta. In ba ta so, a ƙyale ta.

Maganar ruwa kuma ba ta jira. Daga yau kada ɗigo ya sake fita daga gidanka, kuma ka aika wa duk mai gora cewa kada a sha, kada a sa a ido ko a kan rauni, kada a ba yaro. Ruwan kogi ne na damina, gishirin da ka zuba kuma illa ne ga mai hawan jini. Inna ka same ta ita kaɗai ka durƙusa ka faɗa mata, sannan ka kai ta asibiti a duba gwiwar. Ina zaton ta san ɗanta fiye da yadda kake tsammani. Majalisa kuwa ka fi ni sanin yadda za ka yi da su. In ka riga kowa ba da labarin, kai za ka ja dariyar. Ɗantani ka bar shi da nasa, ba kai za ka tona shi ba. Adawiyya ma, da ta yi shiru ta ci kifi, ta taya ka zaman da za ka yi da Khaula.

Alkawarin teku yana nan a wuyanka, domin yarinya ta cika nata. Kada ka sake sa rana. Ka ce mata kuna nufin zuwa in Allah ya hore, a hutun da ke zuwa bayan an kai amfanin gona gida, ko bana ko wata shekarar. In kun je, hannun kowane yaro a cikin na babba, don igiyar teku tana jan mutum ko a inda ruwa bai kai gwiwa ba.

Abu mafi wuya gare ka na bari a ƙarshe. Lokacin da kake gaya mata, barkwanci zai zo maka har bakin leɓe, don da shi ka saba fita daga kowane rami. Ka haɗiye shi. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kwana biyu ba ta kula ka ba. Ka bar ta ta yi, haƙƙinta ne. Ta tsaya maka a gaban wadda ta girme ta, kai ma ka tsaya a gabanta ba dariya na minti goma.

Allah ya ba ka ƙarfin gwiwa, ya ƙara wa Inna lafiya, ya raya Khaula da ƙannenta, ya sa damina ta yi albarka.

Taku, Anti Baiwa.