Wa Ya Ga Bashir?

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiya? Yaya Inna da ciwon ƙafarta, yaya Malam da yara da sauran mutanen Kano? Mu dai muna nan Umdurman.

Saƙon da kika turo min, wai an ga ƙanenmu Bashir a unguwar Alshajara bayan duk neman da muka sha, ya iso ina cikin aji. Na kasa daurewa, na karanta wa ɗalibaina na darasin Turanci. Akwai wata Nafisa a cikinsu. Farkon zango, duk abin da ta gani a rubuce gaskiya ne a wurinta, kwafewa kawai take yi. Na sha rubuta mata da jan biro a gefen takarda: Wa ya faɗa? Ya gani da idonsa? Yanzu ba ta ajiye magana sai da hujja.

Ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Ustaza, wa ya gan shi?"

Da aka tashi, muka bi saƙon ta waya, daga wannan zuwa wancan, har muka kai ga wani tela a kasuwa. Ya ce shi a mota ya ji ana faɗa, bai ma san Bashir ba.

Ban yi kuka ba, Yaya. Na duba rubutunta na ranar, na ba ta makin da ya fi na kowa, na koma gida na ɗora tukunya.

Ki gaida Malam da Gwaggo, a ci gaba da yi wa Bashir addu'a. In ba ki gaya wa Inna an gan shi ba, ki bari. In kin riga kin gaya mata, kada ki gyara.

Ƙanwarki,
Rabi