Ram Biyun da Ka Saka Mini Ba Tagwaye Ba Ne

Zuwa ga Alhaji Bala mai harhaɗa kwamfuta a Sakkwato,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali da kasuwa lafiya. Ni ne Sanusi mai ɗaukar bidiyon biki a Gummi, wanda ka haɗa wa kwamfuta bayan Sallar Layya. Na fito da maganar nan fili ne don sau uku ina kiranka a waya, kullum sai ka ce zafin garinmu ne ke sa na'urar nauyi.

Alhaji, shinkafar da na noma a fadama na sayar kaf na zo wurinka. Inna ta hana ni, ta ce ba a sayen abin da ba a ganin cikinsa. Ban ji ba.

Na ɗaya. Kai da bakinka ka koya mini duwal canal. Ka ce ram shi ne inda kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take yi, kuma in an saka guda biyu iri ɗaya, girma ɗaya, gudu ɗaya, a ramukan da suka dace, sai bayanai su riƙa bin hanya biyu maimakon ɗaya, kamar a ja wa gona ruwa ta kwata biyu. Ka rubuta a rasit: ram biyu, kowane megabayit 512.

Na biyu. Ka manna takarda a bakin akwatin kwamfutar, ka ce in na yage ta babu ruwanka da gyara. A lokacin na ɗauka kulawa ce.

Na uku. Na ɗauki bikin 'yar wani Arɗo a Zugu. Aikin da na yi alkawarin kammalawa cikin mako ɗaya ya kai uku, hoto na tsayawa, murya na wucewa. Arɗo ya hau babur ya zo har shagona sau biyu. A na biyun bai ma sauka ba, ya ce, "Malam, in ba ka iyawa, ba mu kaset ɗinmu mu kai wani wuri." A gaban mutane ya faɗa.

Ranar na kira Malam Umaru, mai koyar da kwamfuta a sakandaren garinmu. Tun kafin ya taɓa sukundireba ya nuna mini rubutun da ke fitowa in an kunna: hanya ɗaya take aiki. Na yage takardarka da hannuna. Ram biyu ne, gaskiya. Ɗaya sabo ne, 512. Ɗayan 256 ne, tsoho, na wani kamfani daban, da sauran tambarin wani ofis a jikinsa wanda aka kankare bai fita duka ba. Kuma ɗaya na cikin shuɗin rami, ɗaya na cikin baƙi, alhali littafin babban allon cikin kwamfutar ya ce a haɗa su a launi ɗaya.

Malam Umaru ya yi maka adalci. Ya ce hanya biyu ba ta ninka gudun kwamfuta, kuma kuskuren rami kowa na iya yi. Na yarda. Amma wane kuskure ne ke kankare tambari? Ina ɗan'uwan sabon ya tafi? Daga wane ofis tsohon ya fito?

Ina roƙon ka saka mini ram na biyu irin sabon sak, a gabana, akwati a buɗe, ka kuma faɗi asalin tsohon, don ba na son kayan da ban san mai su ba a shagona.

Ka sani kuma, mutum biyu na tura wurinka, ɗaya daga Anka, ɗaya daga Bukkuyum, kuma da sunana suka amince maka. Na gaya musu su buɗe nasu ranar Asabar. Wallahi ina fatan ni kaɗai abin ya faɗa wa.

Allah Ya tsare maka mutuncinka, Ya sa albarka a halalinka, Ya nuna mana gaskiya mu bi ta.

Wassalam.

Sanusi mai bidiyo,
Gummi.