Madarar da Ta Yi Ɗaci a Cikin Firji

Litinin, 5 ga Agusta

Mai yogot na garin Isa ya sake maido mana da madara, wai ɗaci. Karo na uku ke nan. Na ɗanɗana, wallahi bai yi ƙarya ba, kamar an jiƙa ganyen dogon yaro a ciki.

Malam Hafizullahi, shugaban ƙungiyarmu ta masu madara a nan Turba, ya tara mata ya ce tun da makullin ɗakin firji yana hannuna, ni ke cire firjin daga sola ina yi wa mutane cajin waya. "Mardiyya, ke da kinka yi boko, ke ad da wagga dabara." A gaban kowa. Ya karɓe makullin, ya ce in aka sake maido da madara za a nemi wata a madadina.

Ban yi kuka ba sai da na iso gida.

Talata, 6 ga Agusta

Na wuni ina tsara amsoshin da ya kamata in ba shi jiya.

Laraba, 7 ga Agusta

Na tono littafina na kwaleji daga ƙasan akwati. Ga dalilin ɗacin nan da rubutuna, ni da na kwashi darasin ina gyangyaɗi! Akwai ƙwayoyin halitta masu son sanyi, suna cikin ruwa da ƙasa da jikin ƙwaryar da ba ta bushe ba. Suna fitar da wani sinadari, enzayim, mai daddatsa abinci. Na sauran ƙwayoyi sandarewa yake yi cikin sanyi, kamar man shanu, sai aiki ya tsaya. Na waɗannan jikinsa sako-sako ne, yana lanƙwasuwa ya kama abin da zai yanka ko da sanyi, kamar man gyaɗa da ba ya saurin daskarewa. Su ne ke cin maiƙo da furotin na madararmu kwana da kwanaki har ta yi ɗaci.

Wato firji ya kore musu abokan takara, ya bar su da akushi su kaɗai.

Alhamis, 8 ga Agusta

Na sami Malam Hafizullahi bayan la'asar. Na ce, "Malam, za ni gwada maka abu guda, makulli shi zamna hannunka." Inna Saude, tsohuwar da ta fi kowa shanu a cikinmu, ta ba ni ƙwarya guda ta tatsar yamma. Na raba kwalba biyu, ɗaya na tafasa ta huce, ɗaya ɗanya. Shi ya saka su da hannunsa, shi zai riƙa duba ma'aunin sanyi safe da yamma. Ya ƙara kwaɗo na biyu a ƙofar, don dai in ji haushi. Na kuwa ji.

Asabar, 10 ga Agusta

Ma'auni na kan digiri shida, bai motsa ba. In ɗanyar ba ta yi ɗaci ba fa? Tuwo ma ya ƙi shiga.

Talata, 13 ga Agusta

Alhamdu lillahi!

Mata sun cika gindin tsamiya. Malam ya kurɓi tafasasshiyar, ya ce lafiya lau. Ya kurɓi ɗanyar. Wayyo, fuskar nan, har hularsa ta goce. Ya waiga neman inda zai tofar, ko'ina mata, dole ya haɗiye. Wata ta ce, "Malam, ko kai ma caji kaka yi?" Dariya har da masu riƙe ciki.

Ya so ya miƙo mini makullin a gefe. Na ƙi. Na ce wanda aka ɓata a gaban mutane, a gaban mutane ake wanke shi. Ya juyo gaban matan, ya ce, "Na zalunce ki, ki yafe min." Na karɓa da hannu biyu, ina jin kaina har sama. Na ja musu kunne: a tafasa kafin firji, don in ɗaci ya riga ya shiga, wuta ba ta fitar da shi.

Alhamis, 15 ga Agusta

Mai yogot ya karɓi ta wannan makon, har ya ce a ƙaro.

Juma'a, 16 ga Agusta

Na mayar wa Inna Saude ƙwaryarta. Tana shanya sauran a rana, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ɗiyata, ran da anka kawo firjin ga, wa yac ce muna mu bar wahalar itace, sanyi ya isa?"

Ni ce. Har tafi aka yi mini ranar.

Ta cika mini kofi da kindirmo. Ta san haka tun ranar da aka karɓe makullin, kuma da ta faɗa a taro da na gama yawo.

Gobe akwai taro. Dama na shirya musu bayanin enzayim, wataƙila in ƙara 'yar magana kafin shi. Na aika a gaya wa Malam Hafizullahi kada ya makara.