Saiwar inabin Baba

Zuwa ga Yayana Nayif,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Maisun da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Jamus. Mu nan Ajlun sai godiya. Inna gwiwa ce ke damunta, bakinta kuwa garau yake. Matata Rudaina na nan ƙalau, Lujain ta shiga jami'a a Irbid, har ta soma gyara wa ubanta magana.

Ka tuna na ce zan yi daɓen siminti a bayan gida, ƙarƙashin rumfar inabin da marigayi Baba ya dasa, don Inna ta huta da taɓon ruwan saman hunturu. Ka ce in yi, amma kada in taɓa inabin. Kamar kullum, sai da na karance littafi guda a kan kankare kafin na ɗauki diga. Na kafa turaku, na ja igiya, na gayyaci maƙwabta gayyar zubi ranar Juma'a, har na ɗaure ragon da za a dafa musu mansaf, shinkafa da nama. Saura a kwashe ƙasar sama, a zuba tsakuwa, a daddaɓe. Ina cikin haƙa, ni malamin tarihi da tumbina, diga ta ci karo da saiwa mai kaurin damtse. Na bi ta a hankali. Ashe ba ƙasa ta nufa ba, miƙewa ta yi ta ratsa ƙarƙashin katanga, daidai inda rijiyar tara ruwan saman maƙwabciyarmu Ummu Ziyad take.

Yaya, sai na zauna a kan baro. Tun muna yara muke jin mijinta na cewa rijiyarsu ba ta riƙe ruwa. Tun muna yara kuma inabinmu ke kore shar a tsakiyar zafi, na kowa ya yi yaushi, Baba ya ce albarkar hannunsa ce, mu kuma mu maimaita wa baƙi. Ka kuma san abin da ke faruwa duk bazara: in Ummu Ziyad ta tsinki ganyen da ya leƙa gidanta don ta naɗe shinkafa, Inna ta ɗaga murya tana habaicin masu girki da shukar wasu, mu muna dariya. Ashe mu ne muke shanye ruwan matar nan.

Littafin ya ce a cire kowace saiwa, in ba haka ba daɓen zai tsage. In na sare ta, inabin ya mutu. Rudaina ta ce in rufe da siminti in rufe bakina, amma satar da ba a sani ba daban, wadda aka daɓe a kanta daban. Na kamo hannun Inna na nuna mata. Ta duba, ta ce ai ba ita ta aiki saiwar ba.

Na sa riga mai kyau na tafi wajen Ummu Ziyad. Ta hana ni magana sai na sha gahawa, ni kuwa ina ta kame-kame kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Da na gama, ta ce ta sani tun mijinta na da rai. Ya taɓa shiga rijiyar don ya yi mata yaɓe, ya ga saiwar, ya fito ya ce ba zai kashe wa maƙwabci inuwa saboda ɗan ruwa ba. Ta kira ni da sunan Inna, ɗan Nofa, ta ce duk karatun nan nawa sai yanzu na gano inabi ba ya shan albarka. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce da ta faɗa da Nofa ta daina yi mata faɗa, ita kuma da wa za ta yi hira tun da ta zama ita kaɗai. Ta ce in zuba simintina, in bar saiwar ta sha. Ban san yadda na gano ƙofa ba.

Na ja igiyar baya, na bar wa saiwar zirin ƙasa. Daɓen zai fito a karkace, littafin ya yi haƙuri. Rabin rumfar kuma zan juya ta kan katanga, ta leƙa gidan Ummu Ziyad. Jiya Inna ta tsinki ganye cike da kwando, ta ɗingisa ta kai mata da kanta, ta ce wai ya yi mata yawa ne, kada ya lalace. Tiren mansaf na farko ma gidan zai shiga.

Ka gaishe da Maisun, da Tamir, da ƙaramar Rand. Inna, Rudaina da Lujain suna gaishe ku. In za ka sake ba Jamusawa labarin albarkar hannun Baba, don Allah ka faɗi wadda ta yi banruwan.

Ƙaninka,
Fawwaz