Awon Kafaɗar Jesi

Litinin, 18 ga Nuwamba

Shagon maƙocina Jesi mai gyaran rediyo har yanzu a kulle. Ba ƙarar rediyo, ba wanda zai leƙo ta jikin shagona ya zagi ɗinkina, kasuwar Wunti ta zama wani iri. Yana can asibiti a Jos, wai ciwon ciki ne. Ranar da zasu tafi mukayi alƙawari, kullum da safe kowa ya turo wa ɗan uwansa hoton abinda ke gabansa. Yau na tura masa ni da sabuwar hulata, na rubuta ga Ɗanlarai tela na ɗaya a Bauchi, na biyun yana kan koyo. Shi kuma ya turo wani abu baƙi da ɗige-ɗige masu walƙiya. Nace Injiniya wannan leshin ina ake sayarwa? Yace sama ce, jahili.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Ashe 'yarsa Kiristabel mai karatu a Yelwa ce ta nuna masa inda ake samo su. Wai Turawa sun harba na'urar hangen nesa can sama, ita ke ɗauko hotunan. Yace kowane ɗigo ba tauraro ɗaya bane, gari ne guda na taurari. Nace a bani baƙin yadi da farin fenti in yi masa wanda ya fi wannan kafin azahar. Amma dai na buɗa hoton da yatsa. Bayan ɗigo akwai wani ɗigon. Bayansa ma akwai. Saura kaɗan dutsen guga ya cinye wandon mutane.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau wasu dogayen abubuwa jajaye kamar suri. Na rama da tuwon matata Sauda da miyar kuka. Ni na ci.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na yanka shuɗiyar shaddar da ya bar min ta Kirsimeti. Ko tef ban ɗauko ba. Awon Jesi a kaina yake, kafaɗa kamar ƙofar gareji, tumbi kuma sai an ƙara masa hanya. Duk garin nan ba mai iya rufe tumbin nan sai ni. Na tura masa hoton. Yace yayi kyau. Shikenan fa. Jesi bai taɓa cewa ɗinkina yayi kyau ba.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Daga masallaci na kira shi. Nace wannan ai cuta ce, alƙawari abinda ke gabanka ne, ni na nuna maka shago, na nuna maka akuyar maƙota, har ƙafata da ta kumbura, kai kullum taurari. Yace ai sama gaban kowa take, ɗaga kai ne bana yi. Muryar siririya. Wai sabis ne. Matarsa Filishiya ta karɓi wayar, nace Maman Kiristabel ya mai jiki, tace da sauƙi Baban Amatullah, mun gode. Kowa da sauƙi. Da sauƙin nan ni ban taɓa ganinsa da ido ba.

Litinin, 2 ga Disamba

Ba hoto har la'asar. Zare ya dinga tsinkewa. Na fita bakin titi, na dawo, na sake fita. Mai shayi yace ko baƙo nake jira, nace gwamna. Sai ga hoton ya shigo. Wani zobe kamar ido, shuɗi a tsaki ja a baki. Subhanallahi, kyau kam ba magana. Ya rubuta wai tauraro ne ya tsufa yana zubar da jikinsa. Ban so ba. Nace daga yau waɗanda ake haifa zaka dinga turo min.

Alhamis, 5 ga Disamba

Kiristabel tazo ɗaukar wa wani mutum rediyonsa a shagon babanta. Dabara ta faɗo min, nace aikin wuya zan yi wa kaftanin, sai naga wuyan babanta. Yarinya bata kawo komai a ranta ba, ta nuna min hoton da suka ɗauka ranar Lahadi.

Yana zaune bakin gado yana dariya. Rigar da na ɗinka masa bara ce a jikinsa. Ɗinkin kafaɗar da na ɗora daidai kan ƙashi ya sauko kan damtse. Wuyan kuwa hannu zai shiga ya juya.

Nace babanki rigar wa ya sata? Tayi dariya, sai kuma ta rufe fuska da mayafinta. Na bata lemo.

Asabar, 7 ga Disamba

Ya turo wasu taurari biyu masu tsinke-tsinke kamar an soka allurai. Na tura masa hoton almakashi. Ban rubuta komai ba. Yace yau bakin ya mutu ne? Nace aiki yayi yawa, manya sun taso ni a gaba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na farke kaftanin duka. Na jingina hoton da Kiristabel ta tura min jikin keke ina awo da ido. Na ja alli, na goge, na sake ja. In na kai masa yadda yake zai nutse a ciki gaban matarsa. In na rage kuma kamar na yarda ne. Sauda tace tuwo ya huce. Nace zafi ne bana so dama.

Asabar, 14 ga Disamba

Jiya na dawo daga Jos. Sanyin garin nan ba na mutane bane.

Na shiga da sallama da ƙarfi nace ina mai taurarin, ga sarkin ɗinki da kansa. Filishiya ta taya shi sa kaftanin. Ya zauna cas, kafaɗa a kan kafaɗa. Ya dubi matarsa yace kin gani ko, ke kike cewa na rame. Tayi waje wai zata nemo ruwa.

Sai ya shafa gefen rigar, yaji kauri. Ya sa hannu ta ciki ya daɗe yana lalube.

"Ɗanlarai, me ka cusa anan?"

"Yadinka ne. Na kalmashe shi, ban yanke ba. Ran da tumbin ya dawo in farke maka."

"In bai dawo ba fa?"

Nace ni ban taɓa ɗinka kayan da rabinsa ya ƙare a ɓoye ba a sa shi ba, kar ya fara ɓata min suna. Yayi dariya har tari ya kama shi. Na riƙe masa kofi.

Ni da ko wandon liman sai na datse rara. Ran Lahadin nan na sa almakashin a kan shaddar nan fa, har na buɗe bakinsa, amma ban datse ba. Ina ga dai yana son wasawa ne.