Hannun da Ke Cikin Littafin Laras

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni Sahuri ɗan Tohir, mai tsire a bakin kasuwar Pasuruan, nake rubuta wannan da cikakken hankalina. Na san uwarku za ta ce ban taɓa mallakar irinsa ba, to ku tambayi likita, shi ya duba. Jikin ne ya gaji. Ban kai hamsin ba, amma ciwon hantar nan ya mai da ni sa'an kakana. Na rubuta da baƙaƙen allo, su kaɗai na iya, daga dama zuwa hagu, yadda littattafan zanen mutanen Japan suke tafiya. Liman Bisri ne zai karanta muku. Liman, kada ka tsallake ko layi ɗaya, na san gudunka a tarawihi.

Saƙon na 'ya'yana biyu ne: Fathur da ke gida, da Laras da ke Kyoto ta ƙasar Japan tana koyon zanen labari. Uwarsu Sumiati ce shaida. Tafiyata lahira ba ta dame ni sosai ba, na gaji ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne Laras ta tattaro kayanta ta dawo alhali saura zango ɗaya ta gama, kuma a ce yayanta ne ya kira ta.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba, ban isa in sa baki ba, liman zai yi muku bayani. Babu bashin kowa a kaina. Ku bar uwarku a ɗakinta, kada wanda ya tayar da zancen sayar da gidan nan tana raye. Amalanken tsire da murhu da wuƙaƙe da mafici na ba Fathur kyauta tun ina numfashi, a gaban liman. Fathur, ka daina rowar albasa a miyar gyaɗa. Mutane suna gani, kunyata kawai suke ji.

Na biyu. Rigimarku ta ishe ni. Ranar da muka raka Laras filin jirgi a Surabaya, ina tsaye ka ce mata, "Je ki zana mutane masu idanu kamar faranti, mu za mu ci gaba da shaƙar hayaƙi." Ta ce maka, "Mas, yayana, ko hayaƙin ma ba ka iya fifitawa ba." Na yi dariya a lokacin, don ni komai dariya nake mai da shi. Ban san daga nan ba za ku ƙara jin muryar juna ba, sai dai uwarku ta kai saƙo ta kawo. Fathur, ba ka yi ƙarya ba, kai ka shaƙi hayaƙin, kai ka bar makaranta ka tsaya a bayan murhu. Na sani, Allah ma ya sani. Amma ka saurari abin da ƙanwarka ba ta gaya maka ba.

Shekararta ta farko can wahala ce zalla. Da rana aji, da yamma wanke kwanuka a gidan abinci, ga sanyin da ba ta taɓa sani ba. A wajensu ba a fara zane mai kyau sai an tsara labarin da fensir, shafi bayan shafi, a kai wa malami ya yarda. Duk wanda ta kai sai malamarta, wata tsohuwa marar fara'a, ta mayar mata. Yaran makaranta take zanawa a ƙarƙashin furanni, irin waɗanda ta saba gani a littattafai. Rannan tsohuwar ta ce mata, "Yaran nan ba ki san su ba, su ma ba su san ki ba. Me ubanki yake yi?" Laras ta ce cikin jin nauyi wai tsire nake sayarwa. Tsohuwar ta ce, "To zano mini shi." Aikin Laras na kammalawa kenan: labarin wani mai tsire da ya addabi kasuwa da tsokana. Ban san inda ta samo irin wannan mutumin banza ba.

Na uku, kuma Laras wannan naki ne ki ji, ko da yake kin riga ni. Kin ce a sana'arku ba a zana hannu da ka, sai an gani. Kullum saƙo: Baba ɗauko mini hoton hannunka kana soka nama, kana fifita, kana miƙa wa mutum kunshi. Na yi ta aikawa har azumin da ya wuce. Daga nan hannun ya zama ƙashi da jijiya, ya kama rawa, ko tsinke ba ya riƙewa. Sai na ce Fathur ya ara mini nasa. Ya ce, "Baba, kai dai ba ka girma." Amma ya miƙo. Akwai tabon ƙunar da na samu tun kina goye, sai na ɗebi baƙin romon waken suya na ɗiga masa a hannu ya yi kamar tabon, na hura ya bushe, uwarku ta ɗauki hoto tana tsaki. Haka muka yi ta yi har damina ta shigo. Yaron da ya ce aikinki wasan yara ne, shi ne yake tsayawa da tsinke a sama har kafaɗarsa ta sage, yana tambaya, "Haka take so, ko in ƙara karkatawa?" Wata rana ma shi ya ce mu sake, wai hasken bai yi ba.

Na ɗauka na yi babbar dabara. Ban taɓa shirya wa mutum tsiya ya gano ni da wuri ba. Sai ga shafinki na ƙarshe ya shigo wayar uwarku: hannun saurayi riƙe da mafici, a kansa kuma wani ramammen hannu ya dafa, mai tabo. A ƙasa kika rubuta, "Baba, tabonka a hagu yake, ba dama ba. Ka gaida Mas Fathur. In taho?" Sai na aika miki hoton akuyar maƙwabta. Amsar tana ƙasa, ki yi haƙuri, numfashina gajere ne, ina hutawa ina rubutawa.

Na huɗu. Idan ta faru, Fathur ne zai gaya wa Laras, da bakinsa, ba rubutu ba, ba ta bakin uwarku ba. Ka kira ta, ka tsaya a kan wayar har ta gama kuka. Kada ka ce mata gida yana bukatarta. Ku binne ni a ranar, kada a jira jirgi.

Na biyar. A zaman addu'a, daga rana ta farko har sadakar bakwai, mutane za su zo, kowa da ƙarar abin da na yi masa. Mai kifi zai faɗi nasa, liman ma yana da nasa game da takalmansa. Ku ba su haƙuri, ku ba su shayi, ku roƙa mini gafararsu da gaske, ina bukatarta. Amma Fathur, ka ajiye waya a gefe tana ɗauka, ka tura wa ƙanwarka duka. Ba ni da gona ko zinariyar da zan bar mata ita kaɗai. Wannan shi ne abin da na tara.

Na shida. Sumiati, ki yafe mini. Kin auri mutumin da bai taɓa ba ki amsa a miƙe ba. Kada ki riƙa yi wa yarinyar nan kuka a waya kina cewa gidan ya yi shiru. Zai yi shiru ɗin, ki ma samu ki huta.

Na bakwai. Nduk, 'yata, ga amsarki: kada ki taho. Na san za ki ji haushina, ki ji, na saba. In kin taho ƙasa za ki tarar, ita kuwa ba ta zuwa ko'ina, za ta jira ki har ki gama. Ki yi mini salla a inda kike, addu'a ba ta san nisa ba. Ki ci abinci mai zafi, ki kula da abin da ake zubawa a ciki, ki daina zama a kan teburi har bayanki ya ƙage. Kin ce malamarki ta ce labarin ba shi da ƙarshe. Ban yi boko ba, amma ina ganin kin riga kin zana shi. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki zana ni a kwance. Idan an buga littafin, kwafin farko na yayanki ne, hannunsa ne ya fi nawa yawa a ciki.

Alƙalamin ya yi mini nauyi. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku da uwarku, ya ba ku masu jin ƙanku. Ku biyu ne kawai, ku riƙe juna, kada gidan nan ya rabu a bayana. Ranar da Laras ta sauka, Fathur, kai za ka je filin jirgin, ka ɗauko mata jaka. In ta ce har yanzu ba ka iya fifita ba, ka miƙa mata maficin.

Sahuri ɗan Tohir